Marayun Titin 66

Na yi shekara 31 ina aikin safiyon hanya kafin in ajiye aiki, kuma har gobe idan na shiga mota idona ba ya kan gidaje da shaguna, yana kan gefen kwalta da bakin kwalbati. Shi ya sa da ɗan ƙanwata mazaunin St. Louis, a jihar Misuri ta Amurka, ya gayyace ni sunan 'yarsa ta fari, ya kuma tambaye ni inda nake so ya kai ni bayan taro ya watse, ban ambaci dogayen benaye ba. Na ce masa titi nake son gani, Titin 66, wanda aka cire daga jerin titunan ƙasarsu tun 1985.

"Kawu, titin da aka soke? To me ya rage a kansa?"

"Shi za mu je mu gano," na ce masa.

Daga Abuja muka tashi, muka yada zango a Turai, sannan Shikago, inda ake duba fasfo. Jami'in ya tambaye ni wurin wa na zo, kwana nawa zan yi, ko ina ɗauke da nama. An riga an gargaɗe ni, don haka kilishi ya tsaya a gida. Yaji da garin kunu kuwa na nuna su, aka ce in wuce. Aka yi suna lafiya. Ranar Laraba da hantsi muka karɓi motar haya a kan dala 870, ta yi tsada ne saboda ba a nan za mu mayar da ita ba, sai Las Vegas.

Zangonmu na farko bai fi minti ashirin daga gidansa ba: tsohuwar gadar Chain of Rocks a kan kogin Misisipi. An buɗe ta a 1929, tsawonta mil guda, kuma a tsakiyar ruwa sai ta karya kwana kamar gwiwar hannu, don jiragen ruwa su sami mashiga ba tare da sun yi karo da hasumiyoyin jan ruwa biyu da ke tsaye cikin kogin ba. Ban taɓa ganin gada mai kwana a tsakiya ba. Na auna faɗinta da ƙafa, na tuna cewa manyan motoci biyu sun sha yin kiciɓis a daidai wannan lanƙwasa. Tun 1970 aka hana mota hawanta, yanzu sai masu keke da masu tattaki. A jikin ƙarfenta ne na fara ganin allon da ya kawo ni, farar garkuwa da baƙin rubutu, 66.

A nan na tsayar da yaron na yi masa bayani, domin ya shekara tara a ƙasar amma bai taɓa lura ba. Kafin 1926 titunan Amurka sunaye gare su, ƙungiyoyin 'yan kasuwa ke shafa fenti a jikin falwaya don matafiyi ya bi ta garinsu. Ranar 11 ga Nuwamba, 1926, aka amince da tsarin lamba: wanda ya yi gabas da yamma ya ɗauki lambar da ke rabuwa biyu, wanda ya yi kudu da arewa ya ɗauki mara, reshe kuma a ƙara masa lamba ɗaya a gaban ta uwarsa. Mu ma muna da irin wannan, A126 da ta bi Zariya, Funtuwa, Gusau zuwa Sakkwato reshe ce mai haɗa A2 da A1, sai dai mu ba mai kiran titi da lamba, hanyar Gusau muke cewa. Titin 66 ya taso daga Shikago ya ratsa jihohi takwas zuwa Kalifoniya, mil 2,448, kusan kilomita 3,940, ya kuma haifi rassa shida: 166, 266, 366, 466, 566 da 666. Na ce masa uwar ta mutu, ina so in ga 'ya'yan da suka saura.

Daga nan zuwa Springfield babu abin faɗi sosai. Tsohon titi yana bin gefen sabon tagwayen titi na I-44 kamar ɗan akuya da uwarsa, ya tsallaka dama, ya dawo hagu, wani wuri ya ɓace sai an hau sabon. A Springfield ɗin ne aka raɗa masa suna. Cyrus Avery, wani jami'in hanyoyi na Tulsa a jihar Oklahoma, da abokan aikinsa lamba 60 suka so, domin masu ƙarewa da sifili su ne manyan tituna masu ratsa ƙasa baki ɗaya, amma jihar Kentucky ta kafe cewa 60 ta cikinta za ta bi. Bayan watanni ana ja-in-ja, ranar 30 ga Afrilu, 1926, suka buga waya daga wannan gari cewa sun haƙura sun karɓi 66.

Mun kwana a Carthage, a irin masaukin nan na gefen hanya da kake ajiye mota a ƙofar ɗakinka, dala 68. Mai wurin Ba'indiye ne ɗan Gujarat, kuma daga baya na ga kusan duk inda muka sauka 'yan uwansa ne ke riƙe da wurin. Da na shimfiɗa darduma na fuskanci gabas yadda na saba, sai yaron ya ce, "Kawu, karkato hagu, a nan alƙibla arewa maso gabas take." Wannan ya daɗe yana ba ni mamaki. Abinci kuwa shi ne wahalar da ta bi mu har ƙarshe: karin kumallonsu ba ya rasa naman alade, don haka muka zauna a kan ƙwai da burodi da safe, da rana soyayyar tarwaɗa idan an dace, in barbaɗa yajina. Da dare sai kunu, da ruwan zafin butar lantarki.

Rabon jihar Kansas daga Titin 66 mil 13 ne kacal, gari uku: Galena, Riverton, Baxter Springs. Galena garin haƙar darma ne a da, yanzu rabin shagunan babban layinta a rufe. Da aka zo gina I-44 sai aka miƙe shi daga Misuri ya faɗa Oklahoma kai tsaye, ya wuce kusa da kusurwar Kansas bai taka ta ba. Wata dattijuwa da muka tarar a tsohon kantin Riverton, wanda ke buɗe tun 1925, ta ce mahaifiyarta takan ce dare ɗaya suka fara jin kukan tsuntsaye a bakin hanya. Gaba kaɗan akwai wata farar gadar kankare mai baka kamar bakan gizo, ta 1923, ita kaɗai ta rage cikin irinta uku da titin ya haye a jihar. A Baxter Springs na ga maraya na farko: allon 166, sabo fil, yana nuna yamma. Na sa aka tsaya na taɓa shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan rana yana kudu da garin Miami na Oklahoma, wanda mutanensa ke furtawa Mayama. Tsakanin nan da Afton akwai guntayen asalin titin da aka gama a 1922, faɗinsa ƙafa tara. Ƙafa tara! Ana cewa kuɗin da aka samu na rabin tafiyar ne, sai suka zaɓi su rage faɗi maimakon tsawo. Na durƙusa na duba aikin: daɓen kankare a ƙasa, kwalta a sama, siririn farin kankare a kowane gefe yana riƙe da ita don kada bakinta ya gutsure. Shekara ɗari, kuma bakin nan yana nan a miƙe kamar an ja zare. Na san irin wannan titi. Da ƙuruciyata akwai kwalta mai layi ɗaya a Arewa, wadda in mota biyu suka haɗu kowa zai sauke ƙafafunsa biyu a ƙasa, kuma ƙaramar mota ce kullum ke ba roka hanya. Namu bakinsu ne ya fara cinyewa domin ba a ɗaure shi ba. Na yi wa yaron wannan bayani har sai da ya ce rana na yi.

Juma'a ta same mu a Tulsa. A bakin tsohuwar gadar kogin Arkansas an kafa gumakan tagulla na Avery da iyalinsa cikin tsohuwar Ford sun yi gaba da gaba da keken doki. Amma ba nan na daɗe ba, a Greenwood ne. Unguwar baƙar fata ce da ta yi arziki har ake misali da ita, sai a ranakun 31 ga Mayu da 1 ga Yuni, 1921, gungun fararen fata suka ƙone ta, suka kashe mutane da yawa. Masu unguwa suka sake gina ta da hannunsu, ta farfaɗo. Abin da wuta ba ta gama da shi ba, titi ne ya ƙarasa: bayan shekara arba'in da wani abu aka ratsa tsakiyarta da titin I-244. Na tsaya ƙarƙashin gadarsa motoci na gudu a kaina, na san cewa wani mai aiki irin nawa ne ya riƙe awo ya kafa turakun wannan layi. Muka yi Juma'a a wani masallaci cike da Larabawa, 'yan Pakistan da 'yan Afirka, muka ci shinkafa da naman rago na halal, karo na farko tun fitowarmu.

Da yamma muka saki Titin 66 muka yi kudu awa guda zuwa Henryetta, don maraya na biyu. Titin 266 duka-duka mil 43 ne, daga Henryetta zuwa Warner, bai fita daga Oklahoma ba, bai kuma taɓa uwarsa ko'ina ba. A 1926 daga birnin Oklahoma ya taso, inda ya haɗu da 66, amma a 1930 aka ba lamba 62 kashinsa na yamma, aka bar shi guntu. Yaron ya tambaye ni, in gwamnatin tarayya ce da titin, me ya hana ta gyara wannan ruɗani? Na ce masa ai nan ne bambancinmu da su. A wurinmu titin tarayya na tarayya ne, rami ya ɓullo sai a jira Abuja. A wurinsu garkuwar ce kawai ta ƙasa; kwaltar ta jiha ce, ita ke gini da gyara, tarayya na taimakawa da kuɗi, ƙungiyar jami'an hanyoyi na jihohi kuma ita ke raba lamba. Tun 1937 ƙungiyar ta ɗauki matsayin cewa titin da bai kai mil 300 ba kuma yake cikin jiha ɗaya a haɗe shi da wani ko a sauke masa garkuwa. Da haka gajerun tituna da yawa suka tafi. Amma sai jiha ta nema ake sokewa, kuma 266 ya tsira har yau.

Mun bi shi daga farko har ƙarshe cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Gonakin kiwo, dunƙulen ciyawa manya-manya a fili, coci ƙanana, ƙauyen Grayson wanda yana cikin garuruwan da baƙar fata suka kafa wa kansu a Oklahoma, sai Checotah. Ƙasar ƙabilar Muscogee ce, waɗanda aka koro daga gabas a shekarun 1830. Motocin da muka gamu da su ba su da yawa, domin I-40 na can kudu kaɗan ya kwashe kowa. A gefen wannan titi muka tsaya sallar la'asar, muna cikin raka'a ta biyu motar 'yan sanda ta tsaya bayan tamu. Gaskiya gabana ya faɗi. Ɗan sandan bai fito ba sai da muka sallame, ya tambaya ko motarmu ce ta lalace, muka ce a'a, ya ce mu ƙara matsawa daga kan kwalta, ya tafi. Wannan ne kaɗai karon da wani mai kaki ya yi mana magana a tafiyar sama da mil 1,500. Babu shinge, babu gungume ko ganga a tsakiyar hanya. Manyan motoci ne kawai ke ratsewa wurin awon nauyi a kan iyakar jihohi, kuma na yi imani wannan sikeli yana cikin abin da ke raya musu kwalta.

Washegari muka ɗan koma baya daga birnin Oklahoma zuwa Luther, don in ga gidan man iyalin Threatt, ƙaramin ginin jan dutse. Baƙar fata ne suka mallake shi a zamanin da baƙin mutum zai yi tafiyar yini a Titin 66 bai sami inda za a sayar masa da abinci ko a ba shi ɗaki ba, wasu garuruwan ma ba a yarda rana ta faɗi yana cikinsu ba. Daga 1936 wani ma'aikacin gidan waya, Victor Green, ya riƙa buga ɗan littafin jagora na wuraren da za su karɓe su. Masu sayar da tsarabar Titin 66 ba su cika ambaton wannan ba. Ni da yaron mun san da a wancan zamani muka zo, nan ne zangonmu.

Yammacin Oklahoma da Teksas fili ne shimfiɗe kamar faifai, sai fankokin lantarki masu juyawa da iska. A lokacin mai yana kan dala uku da ɗoriya galan, galan ɗinsu kuma bai kai lita huɗu ba. Mun kwana a Amarillo, da safe muka sha shayi a Adrian, inda allo ya ce mil 1,139 zuwa Shikago, mil 1,139 zuwa Los Angeles.

Sai Glenrio. Garin yana kan iyakar Teksas da New Mexico daidai, inda agogo ke komawa baya da awa ɗaya. Tashar jirgin ƙasa ce ta kafa shi, titi ya raya shi. Gidajen mai suna ɓangaren Teksas saboda harajin mai ya fi sauƙi, mashaya kuma a ɓangaren New Mexico domin gundumar Teksas ɗin ta hana sayar da giya. Babban layinsa mai hannu huɗu ne, ciyawa ta tsaga shi. Akwai masaukin da allonsa ke cewa shi ne na farko a Teksas ta wannan fuska, na ƙarshe ta waccan, rufinsa ya rufta. Daga inda nake tsaye ina jin gurnanin tireloli a kan I-40, bai fi jifa biyu ba.

Asalin abin daga 1956 ne, lokacin da shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina tagwayen titunan tsakanin jihohi, mil 41,000, tarayya na biyan kashi 90 cikin 100. Yana matashin hafsa a 1919 ya bi ayarin motocin soja da suka yi kwana 62 kafin su ratsa ƙasar, daga baya ya ga titunan Jamus. Ba na zargin sa. Tsohon 66 ƙunci gare shi, ya ci rayuka ba adadi, kuma wanda ya taɓa ɗauko gawa daga kan siririn titi ba zai raina mai faɗi ba. Amma sabon titi ba a shigarsa ko fita sai ta ƙofofin da aka tsara, don haka garin da aka zagaye, ko yana gani, ya yi nisa. Mutanen New Mexico sun hango wannan, a 1963 suka yi dokar hana zagaye gari ba da yardar mutanensa ba, sai dai ba ta daɗe ba aka janye ta da tarayya ta yi barazanar riƙe kuɗi.

Ni ɗan Ƙauran Namoda ne. Layin dogo ya iso garinmu a 1929, mu ne ƙarshen layi, kuma mahaifina, Allah ya jiƙansa, rumfar shayi gare shi a bakin tasha. Da kuɗin shayin leburorin gyaɗa da fasinjan jirgi aka yi mini makaranta. Na ga yadda jirgi ya riƙa ja baya har ya ɗauke ƙafa, na ga yadda rumfunan suka watse ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Abin da ya fi nauyi a zuciyata a Glenrio kuwa shi ne, ni ma da hannuna na kafa turakun hanyoyin zagaye gari. Mukan ƙirga gonaki da itatuwan da layi zai ci don biyan diyya. Ban tuna ranar da aka ce mu ƙirga masu tuwo, masu faci da 'yan tireda na tsohuwar hanya ba, ni ma kuma ban taɓa tayar da maganar ba.

Daga Glenrio tsohon titi ya zama burji, ya bi ta kufan Endee zuwa San Jon, da gadojin katako a kan busassun rafuka. Ni na nace mu bi shi. Ba mu yi mil goma ba tayar baya ta fashe. Waya babu sabis, rana tsaka, ko inuwar kirki babu, jak kuma sai nutsewa yake cikin rairayi. A gida da yaro ya hau acaɓa ya ɗauko mai faci daga ƙauye na gaba. A nan mun fi minti arba'in ba mu ga ɗan Adam ba. Ruwanmu gora biyu ne. Can sai ga ƙura, wani tsohon makiyayi a akori-kura da karensa. Bai yi dogon zance ba, ya ciro guntun katako ya sa ƙarƙashin jak, ya tsaya har muka ɗaura ƙaramar safaya. Da na gaya masa abin da ya kawo mu, sai ya ce yana yaro ba a barinsa ya tsallaka layin Glenrio shi kaɗai saboda yawan motoci. Na miƙa masa kuɗi ya ƙi, na ba shi dabino ya karɓa. A Tucumcari aka ce tsagar a gefe take, ba a yi mata faci, muka sayi sabuwa dala 140. Daren nan fitilun tsofaffin masaukai masu launi-launi sun haska layin garin, amma gajiya ba ta bar ni na kalle su sosai ba.

A Albuquerque akwai mararrabar da Titin 66 ya gitta kansa. Kafin 1937 yakan yi arewa ya zagaya ta Santa Fe sannan ya gangaro cikin birnin daga arewa. Da aka miƙe shi, aka rage kusan mil ɗari, sai sabon ya shigo daga gabas ya tsallaka tsohon. A wannan jiha ne 366 da 566 suka yi gajeriyar rayuwarsu, tun kafin 1940 wasu lambobi suka haɗiye su.

Autan rassan a Gallup yake farawa, ya yi arewa cikin ƙasar ƙabilar Navajo zuwa Shiprock. An ba shi 666 ne kawai don shi ne reshe na shida. Amma a Littafin Ru'ya ta Yohanna na Kiristoci wannan lambar dabbar ƙarshen zamani ce, sai aka riƙa kiransa titin shaiɗan, ana danganta yawan haɗurransa da ita, ana kuma sace allunansa. Arizona ta sauya nata kashin zuwa 191 a 1992, sauran jihohin uku suka mayar da shi 491 a 2003, zamanin gwamnan New Mexico Bill Richardson. Mun hau shi 'yan mila kaɗan. Yanzu tagwaye ne, kuma a ganina faɗaɗawar ce ta yi maganin, domin doguwar hanya miƙaƙƙiya mai hannu ɗaya, da duhu, da masu tafiya a ƙasa a gefenta, ko wace lamba aka maƙala mata za ta ci mutane. A gefen hanya na ga matan Navajo suna soya wani faffaɗan fanke, muka saya da zuma. Fuskokinsu da busasshiyar ƙasarsu da tumakinsu sun sa na ji kamar ina wajen Zurmi da rani.

Williams, a Arizona, shi ne gari na ƙarshe da aka zagaye, ranar 13 ga Oktoba, 1984, bayan ya yi ta shari'a. A watan Yunin 1985 aka soke lambar 66 baki ɗaya, tituna biyar suka gaje ta: I-55, I-44, I-40, I-15 da I-10. Ba a fasa kwalta ko taku ɗaya ba, alluna aka kwance. Wani yanki ya koma hannun jiha, wani na gunduma, wani aka bar wa ciyawa. Williams bai mutu ba domin shi ne ƙofar masu zuwa kallon kwazazzabon Grand Canyon.

Seligman ba shi da irin wannan gata. An zagaye shi a 1978, ya yi kusan shekara goma yana bushewa. A watan Fabrairun 1987 wani mai aski ɗan garin, Angel Delgadillo, ya tara 'yan uwansa masu shaguna suka kafa ƙungiya, suka dinga zarya wurin hukumomin jiha har aka amince a wannan shekara a kira hanyar Seligman zuwa Kingman Titin 66 na tarihi, aka kafa mata alluna. Sauran jihohi suka yi koyi. Ranar da muka je, manyan bas-bas uku ne a tsaye, Jamusawa da Japanawa da Faransawa suna ɗaukar hoto a ƙofar shagon askinsa. Ba zan ce garin ya koma yadda yake ba. Tsaraba ake sayarwa, huluna da kofuna, kuma da la'asar in bas sun tafi sai ya yi tsit. Amma akwai hayaƙi a kicin, akwai yara a makaranta. Mai aski ne ya fara wannan, ba injiniya ba, ba gwamna ba, kuma abin da ya nema bai wuce allo ba. Na zauna a benci a ƙofar shagon na daɗe, har yaron ya zo ya dafa ni.

"Kawu, lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana. Tashar Ƙaura nake tunani."

Mun kwana a Kingman, dala 85. Daga nan ne 466 ke ɓallewa a da, ya bi ta Las Vegas har gaɓar teku a Kalifoniya. An soke shi, kuma hanyar da muka bi da safe zuwa filin jirgi, mai lamba 93, ita ce sawunsa. Na zuba ido ko zan ga tsohon allo ko ɗaya, ban gani ba. Cikin rassa shida, biyu ne ke amsa sunansu na yanka, 166 da 266.

Sati biyu da dawowata na bi ayarin safe daga Gusau zuwa Ƙaura, domin hanyar yanzu ba a yi mata sakaci. Na nemi wani dattijo da ya yi dako a tasha tare da abokan mahaifina, na ɗauki littafin awona da ya rage da fararen shafuka, muka taka daga ƙofar tasha zuwa bakin kasuwa. Yana nunawa da sanda ina rubutawa: nan mai tuwo, nan teburin mai awon gyaɗa, nan maɗinki, nan mai gyaran fitila. Ya tuna rumfa 23 da sunayen masu su. Ta mahaifina ce ta huɗu daga ƙofa, hannun dama, kuma dogon yaron da ya dasa a bayanta yana nan.